Yadda sabon malamin jami'a zai riƙe babban aji ba tare da rabin ɗalibai sun faɗi ba

Yawancin sababbin malaman da ake ɗauka a jami'o'inmu ba wanda ya taɓa koya musu koyarwa. Mutum ya gama digiri da sakamako mai kyau, sashensu ya riƙe shi, zangon karatu na gaba a miƙa masa kwas ɗin 'yan aji ɗaya mai ɗalibai ɗari uku ko fiye, a ce masa Allah ya taimaka. Sai ya yi abin da ya ga malamansa sun yi: ya tsaya gaban allo yana karanto rubutu awa biyu, ya ba da gwaji guda ana saura mako biyu jarrabawa, sakamako ya fito ya ce yaran yanzu ba sa karatu. Na sha ganin haka ta faru da matasa masu ilimi da kishin aikinsu. Ba zan tsaya kan sanin kwas ɗin ba, na ɗauka ka san shi.

Mataki na farko: tsara zango daga ƙarshensa

Kafin ka rubuta lakca ko ɗaya, zauna ka rubuta abubuwa biyar ko shida da ɗalibi zai iya YI idan ya gama kwas ɗinka. Kada ka rubuta "ya fahimci kaza", domin fahimta ba ta ganuwa. Rubuta ya lissafa, ya kwatanta, ya warware, ya zana. Manhajar karatu ta CCMAS da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta zo da irin wannan jeri ga kwasa-kwasanta, don haka rabin aikin an yi maka. Daga jerin nan za ka fitar da tambayoyin jarrabawa, daga tambayoyin kuma ka fitar da lakcoci.

Sannan ka ware mako biyu da ba ka ɗora musu komai ba. Duk wanda ya ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da yadda aka matse zangunan da suka biyo baya, ya san kalandar da aka ba ka ba lalle ita za ka gama da ita ba. Ka raba wa ɗalibai tsarin nan a makon farko, shafi ɗaya ya isa.

Mataki na biyu: kada ka yi magana fiye da minti ashirin a jere

Ni dai doka ce a wurina. Bayan minti goma sha biyar ko ashirin, dakata ka rubuta tambaya a allo mai zaɓi huɗu. Kowa ya yi tunani shi kaɗai minti ɗaya, sannan kowa ya nuna amsarsa lokaci guda. Idan aji ya rabu, ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi, minti biyu, a sake nunawa. Sai a lokacin za ka yi bayani. Eric Mazur, malamin fiziks a jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya yaɗa wannan hanya tun farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa na cin lissafi amma ba su gane ma'anar abin da suke lissafawa ba. A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 a fannonin kimiyya, lissafi da injiniyanci. Inda ake lakca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki a cikin aji, kusan kashi 22 ne.

Ba ka buƙatar na'ura. Kowane ɗalibi ya ninke farar takarda gida huɗu ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙi, ya riƙa ɗaga ta daidai ƙirjinsa yadda na baya ba zai kwaikwaya ba. Kada ka dogara da waya da intanet a cikin aji, wani ba data, wani ba caji. Kuma ka daina tambayar "kun gane?" Aji mai mutum ɗari uku kullum amsarsa "eh" ce.

Mataki na uku: makin CA, wato na aikin cikin zango, inda abin yake lalacewa

Nan ne na fi ganin sababbi suna asara. Jami'a ta ba ka maki 30 ko 40 na aikin cikin zango. An ware makin nan ne domin ɗalibi ya san matsayinsa tun da sauran lokacin gyara. Sabon malami kuwa sai ya tara su duka a gwaji ɗaya a mako na goma sha ɗaya, ya kwashi takardu ɗari uku ya kasa duba su, ɗalibai su shiga jarrabawa ba su san abin da suka samu ba. Yarinyar da ta ci 8 cikin 30 ba za ta sani ba sai ranar da aka liƙa sakamako, lokacin kwas ɗin ya riga ya bi ta zuwa aji biyu. Tun ran gini, tun ran zane.

Ga yadda za ka yi. Raba makin gida huɗu aƙalla. Gwajin farko ya zo a mako na uku, kada ya wuce na huɗu, ko da kana ganin ba ka koyar da komai ba tukuna. Minti goma sha biyar, tambaya biyar, maki biyar. Ƙanƙantarsa ita ce amfaninsa: wanda ya faɗi bai mutu ba, amma ya farka. Kuma gwajin kansa karatu ne. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da aka sa suka yi ta tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Saboda haka kowane gwaji ya ɗauko tambaya ɗaya ko biyu daga makonnin baya.

Za ka ce wa zai duba takardu ɗari uku sau huɗu? Biyu daga ciki ka yi su na zaɓi, ka yi kala biyu na takardar tambaya saboda satar amsa, awa biyu sun ishe ka dubawa. Sauran biyun na rubutu ne, amma rabin shafi, ka ja layi ka ce ba a wuce nan. Kada ka rubuta sharhi a kan kowace takarda, ba za ka gama ba, kuma ba sa karantawa. Yayin dubawa ka riƙe wata takarda a gefe kana rubuta kurakuran da suke ta maimaituwa. Da wuya su wuce huɗu. Lakca ta gaba ka ba su minti ashirin na farko: ga kuskuren, ga dalilin da ya sa mutum mai hankali zai yi shi, ga daidai. Kada ka ambaci sunan kowa.

Takardu su koma hannun masu su cikin mako ɗaya. Wannan ba na sassauta shi. Kuma kai za ka raba su ko ka liƙa makin da lambar rajista, kada ka damƙa wa wakilin aji, rigimar takarda ta ɓata daga nan take farawa. Kuɗin hoton takardu kuwa, ka nema a wurin shugaban sashe. Idan babu, rubuta tambayoyin a allo. Kada ka karɓi ko sisi daga ɗalibi, kada ka haɗa maki da sayen takardun darasinka.

Mataki na huɗu: nemo waɗanda suka faɗi

Bayan gwaji na biyu, fitar da sunayen waɗanda suka faɗi duka biyun. Ka kira su rukuni-rukuni, goma-goma, a ajin da ba kowa, ƙofa a buɗe. Kafin ka yi faɗa, tambaye su. Za ka tarar wani ya yi rajista a makare, wata daga nesa take zuwa kuma kuɗin mota ba ya kai ta kullum, da yawa kuma Turancin lakca ne ke wuce su, ba darasin ba. Ga waɗannan, ka rubuta muhimman kalmomi a allo kafin ka fara, ka rage sauri. Idan suna tattaunawa da juna da Hausa a minti biyun nan, ƙyale su, amma kai ka yi bayani da harshen da kowa a ajin ke ji, domin ba duka Hausawa ba ne. Ka haɗa su da ɗaliban aji uku ko huɗu masu ƙoƙari su riƙa yi musu bita, ka sanar da malamin da ke kula da ajinsu.

Mataki na biyar: bayan jarrabawa

Rubuta yadda za ka raba maki kafin ka buɗe takardar farko. Duba tambaya ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu, hannunka zai fi daidaito. Idan ka gama, ƙirga tambayar da aka fi faɗi, ka rubuta a bayan tsarin kwas ɗin wane mako ne ya koyar da ita. Makon nan za ka sake wa tsari baɗi. Ka kuma roƙi wani babban malami da ka yarda da shi ya zauna a bayan ajinka sau ɗaya a zango mai zuwa, ya faɗa maka abin da ya gani.