Yadda za ka zaɓi kalar fentin ɗaki ba tare da ka yi da-na-sani ba

Abu na farko dai, kada ka zaɓi kala a waya. Na yi wannan kuskuren lokacin da muke gyara ɗakin ƙanwata a unguwar Mabera da ke Sakkwato kafin biki, ta turo min hoto daga Instagram wani ruwan toka mai kyau, muka saya muka shafa, da ya bushe sai ga ɗaki ya koma kamar ba a yi fenti ba, siminti zalla. Hasken waya daban, hasken ɗakinka daban. Ko katin kala da masu shago ke nuna maka ɗan guntu ne, idan kalar ta bazu a bango huɗu sai ta fi ƙarfi, don haka in kana shakka tsakanin biyu ɗauki wadda ta fi haske.

To ga yadda ake yi. Ka fara da kayan da ba za su canza ba, tayil ko leda ko kafet, kujeru, labule. Fenti shi ne mai arha a cikinsu, shi zai bi su. In ɗakin amarya ne a tambayi masu jere kalar gado da labule tukuna, kada a shafa ruwan hoda a zo da kujeru ruwan goro a tsaya ana kallon juna. Ka yanki ƙyallen labulen ka tafi da shi shago.

Sai gwaji, kuma nan ne mutane ke ƙyuya. Ka samo kala biyu ko uku kaɗan kaɗan, ka shafa kowace a bango faɗin kamar sallaya, hannu biyu (wato a shafa sau biyu), ɗaya kusa da taga ɗaya a lungu. Ka bari ya bushe sosai don jiƙaƙƙen fenti ƙarya yake yi. Ka duba da hantsi, ka duba bayan la'asar, ka sake dubawa da dare an kunna ƙwai, saboda farin ƙwan sola yana sa kala ta yi sanyi ta karkata wajen shuɗi, mai jan haske kuma ya mayar da ruwan madara kamar ɗorawa. Kwana biyu kawai za ka ɓata.

Mu a Sakkwato akwai abin da sai an sa a lissafi, ƙura da zafi. Fari fat yana da kyau ranar da aka shafa, amma hunturu ɗaya ya isa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na shiga ko ta ina, ga hayaƙin turaren wuta da ke hawa silin, ga wurin da ake jingina kai in an zauna a ƙasa, za ka ga tabon mai a jere kamar an auna. Ni dai ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske na fi yarda da su, kalarsu kusa take da ta ƙurar ita kanta. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma kuwa, wanda rana ke dukansa a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada ka ƙara masa ja ko ruwan lemo, ido ma zai ji zafi. Ruwan omo mai haske ko kore mai sanyi ya fi. Kala mai duhu tana matse ɗaki kuma ranar da babu wuta sai ka nemi tocila da rana, in kana sonta dole to bango ɗaya ya isa, bayan gado ko bayan talabijin. Silin a bar shi fari.

Irin fentin ma yana canza kala. Emulshan ba ya ƙyalli, yana ɓoye ramukan filasta amma mai arhar ba ya son goga. Satin ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya dace da falo da ɗakin yara, sai dai yana tona asirin bango in ba a yi sikirin (shafen da ke sa bango ya yi sumul kafin fenti) mai kyau ba. Fentin mai a bar wa ƙofa da taga da kicin.

In mai fenti ne zai haɗa maka kala da hannu, ya haɗa duka lokaci guda a babban mazubi. Wani dattijon mai fenti ya taɓa ce min "yaro, kalag ga in ta ƙare ko ni ban iya maido ta", kuma gaskiyarsa, haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko. Ɗaki ƙafa 12 da 12 bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishe shi hannu biyu in ba a cika masa ruwa ba. Sabon filasta a ba shi kamar sati 4 ya bushe, in ba haka ba kalar za ta yi dabbare-dabbare ta fara ɓarewa. Ragowar fentin ka zuba a galan ka rufe da kyau, ka rubuta sunan kamfani da lambar kalar a jiki, don ranar da yara za su zana maka mota da biro.