Yadda ake aikin koya wa 'yan fim harshe da al'adar Afganistan

'Yan uwa na nan Yamai masu sha'awar sinima, akwai mutumin da ba ya fitowa a kamera amma in babu shi fim ya kwabe. In labarin Afganistan ne, darakta na ɗauko ɗan ƙasar, aikinsa na farko ya karanta sanariyo, wato rubutaccen labarin fim, ya tantance wa ke jin Dari wa ke jin Pashto, don su ne manyan harsunan ƙasar guda 2, kuma bakin Kabul daban da na Herat, kamar dai Hausar Adar da ta Damagaram.

Daga nan, in kai ne aka ɗauko, sai ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin kowane layi, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da saurin hira, ka tura wa ɗan wasa ya yi ta saurare, ranar ɗauka ka zauna kusa da kamera da abin ji a kunne, in ɗan wasa ya karkace ka faɗa wa darakta, kar ka yi tsawa gaban jama'a.

Sai kaya. Fim ɗin The Kite Runner na 2007, labarin Afganistan ne amma a Kashgar ta ƙasar Sin aka ɗauki galibinsa, to wani ne zai duba naɗin rawani, hular pakol, hannu a ƙirji wajen gaisuwa, da yadda ake miƙa shayi. Kuma ka sa hannu a kwantiragi kafin ka fara, wallahi masu fim na da saurin mantuwa wajen biya.