Yadda ake gwada haɗuwar idanun yaro da fensir da rula

Tsakanin idon dama da na hagu akwai tazarar kusan santimita 6, don haka kowanne da hoton da yake ɗauka. Da ɗan bambancin hotunan nan biyu ƙwaƙwalwa ke gane nisa da kusa. Abu na matsowa, cikin kamar kashi ɗaya bisa biyar na sakan, tsokar da ke gefen hanci a kowane ido za ta janyo idon ciki, ɗan baƙin tsakiyar ido kuma ya tsuke. Ba da niyya mutum ke yi ba. Wannan motsi malamin aji a Gusau ko ma'aikacin sha-ka-tafi a Talata Mafara zai iya auna shi cikin minti uku.

A zaunar da yaro a inuwa mai haske, kada ya fuskanci rana. In yana da tabarau na likita, ya sa abinsa. A manna ƙaramin harafi a bakin fensir, a dafa farkon rula a karan hancinsa, tsakanin idanu. A fara daga santimita 40, a riƙa matso da fensirin a hankali, santimita 1 zuwa 2 a sakan, yaro na kallon harafin. Inda ya ce harafi ya zama biyu, ko ido ɗaya ya zame waje, nan za a tsaya a rubuta lambar. A maimaita sau biyar, domin wani yaron sai a karo na huɗu gajiyar idonsa ke bayyana. Ƙasa da santimita 6 lafiya lau. Ya wuce 10, musamman in yana kukan ciwon kai ko rubutu na rawa a allo, a tura shi asibitin ido.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da bakin yaro. Ƙwaƙwalwar wasu yara kan kashe hoton ido ɗaya, sai yaro ya rantse abu guda yake gani alhali idon ya riga ya kauce. Idonsa za ka kalla, ba fensir ba. Gaggawa ma na ɓata awo, haka amfani da yatsa tsura, don ido ba ya ƙoƙarin tantance shi kamar harafi.

Sannan a rufe ido ɗaya da kwali na sakan 3 yana kallon harafin. In buɗaɗɗen idon ya motsa don kama harafin, akwai harara-garke, ko da ba a gani da farko. A gwada ɗayan ma.

Jaririn da ya wuce wata 6 idonsa na karkacewa ba a jira ya "warware da kansa". Karkacewar da ta zo farat ɗaya bayan sanƙarau ko zazzaɓi mai zafi, ko fari a tsakiyar ido, a ranar za a kai shi Asibitin Tarayya na Gusau. In abin ya buƙaci ƙwararru, su tura Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.