Kurakuran masu sauka gidajen Shipibo a kogin Ucayali

Kowace shekara baƙi masu zuwa sauka gidajen Shipibo, ƙabilar da ke zaune a gaɓar kogin Ucayali, na isowa birnin Pucallpa, a gabashin Peru, da kurakurai iri ɗaya. Na gaji da maimaitawa, ga su nan a rubuce.

Babban cikinsu shi ne lissafa tafiya da agogo. Babban jirgin ruwa da suke kira lancha ba ya tashi sai ya cika da kaya, ko da an rubuta "yau" a allonsa. Daga Pucallpa zuwa birnin Iquitos, can ƙasan kogi, kwana 3 zuwa 5 ne, kuma ruwa ne ke yanke hukunci. Daga Disamba zuwa Afrilu kogi na cika, kwalekwale mai inji, peque-peque, ya kai ka har bakin gari. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ya janye, yashi ya fito, lancha ta kafe, garin da aka ce yana bakin ruwa sai ka taka cikin taɓo kafin ka kai shi. Amma mutum ya sayi tikitin jirgin sama na komawa Lima washegarin ranar da yake zaton zai dawo! Ni kwana 2 nake bari fanko, ba na ragewa. Ka shiga lancha da ragar kwanciyarka, igiya 2 na ɗaure ta, kwano da cokali, domin ba a rabawa.

Na biyu ya fi ɓata mini rai: yadda baƙo ke yi da abincin masu gida. Za a miƙo maka masato, rogo ne da aka dafa aka bari ya yi tsami, kuma in ya kwana biyu yana bugarwa. Musulmi ba zai sha ba, wannan ba laifi. Laifin shi ne ka yamutse fuska ka ture ƙwarya a gaban matar da ta wuni tana haɗa shi. Tun ranar sauka ka gaya wa maigida abin da ba ka sha da wanda ba ka ci, ka nemi chapo, ayaba ce nunanniya da aka dafa aka dama. Ka tambayi naman daji kafin ka sa hannu, don sajino dabba ce mai kama da alade. Kifi dai ba ya yankewa. Kuma kada ka zo hannu rabbana: shinkafa, sukari, man girki, gishiri da sabulu nake saya a kasuwar Pucallpa, in damƙa wa uwargida.

Kada ka faɗa gari ba sanarwa. Ka fara gaida shugaban garin, ku yanke kuɗin kwana da na abinci a gabansa. Ƙauyen San Francisco, a tafkin Yarinacocha kusa da Pucallpa, ya saba da baƙi, na can ƙasan kogi ba haka suke ba.

Allurar rigakafin ciwon shawara kwana 10 kafin tafiya ake yi. Gidan sauro mai ƙananan ido, don ƙananan ƙwari na ratsa na gama-gari. Ruwan kogi sai an tafasa. In za ka shiga ruwa mai yashi, ja ƙafa, kada ka ɗaga, saboda kifin raya mai harbi da wutsiya. Canjin sol, kuɗin Peru, ƙanana ka riƙe, takardar 100 ba mai canza maka.

Zanen kené da matan ke yi a zane da tukwane, wanda Peru ta sa cikin kayan gadon ƙasa a 2008, aikin makonni ne. Daina taya shi kamar tumatir, kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ayahuasca kuwa, wato jiƙon gargajiya mai gusar da hankali, haɗa ta da magungunan ciwon damuwa na iya kai mutum lahira, kuma ba kowane mai kiran kansa malamin magani a Pucallpa ne mutanen gari suka sani ba.