Yadda ake ɗanɗana zoɓon Sallah kafin a yi ciniki

A ƙauyukanmu na ƙasar Gumel da Maigatari, inda ake noman zoɓon da ake lodawa har zuwa ƙasar Meziko, kusan kowace unguwa tana da matar da aka sani da haɗa shi a cikin gida, kuma idan Sallah ta matso wurinta ake zuwa a ba da kuɗin jarka ɗaya ko biyu saboda baƙi. Kafin ki ba da kuɗin, ki roƙe ta cikin ladabi, ki ce: "Inna, a ɗan sam mini wanda ba a sa wa sukari da ƙanƙara ba." A nan ne ainihin aikin hannunta yake, domin zaƙi da sanyi suna rufe aibin kowane irin zoɓo.

Ki kurkure bakinki da ruwa tukuna, kuma kada ki je kina tauna goro, saboda ɗacinsa yana daɗewa a harshe. Ki zuba kaɗan a kofin gilas ki ɗaga shi wajen haske. Sabon zoɓo, wanda aka tsinka da kaka aka shanya da iskar hunturu, yana ba da ja mai duhu wanda haske yake ratsawa, shi kuwa wanda ya shekara a buhu jansa yakan koma ruwan ƙasa. Idan kin ga ya yi baƙi yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, an sa masa kanwa don a kashe tsami. Kaɗan ba laifi ba ce, amma idan ta yi yawa sai ki ji santsi a harshe kamar an ɗiga sabulu.

Daga nan sai ƙamshi, wanda a ganina shi ne ya fi nuna gwanintar mai haɗawa. Citta ya kamata ta fara iso hanci, kanumfari ya biyo baya a hankali, ɓawon abarba kuma ya tsaya can ƙasa ba tare da ya danne ƙamshin zoɓon kansa ba. Kanumfari yana da ƙarfi ƙwarai, 'yan ƙwayoyi ne suke isar babbar tukunya, kuma wadda ta cika hannu da shi zoɓonta yakan koma kamar maganin haƙori. Fulebon kanti kuwa ba ya ɓuya, ƙamshinsa yana tashi da ƙarfi lokaci ɗaya ya kuma ɓace.

Yanzu ki kurɓa kaɗan, ki riƙe shi a baki na ɗan lokaci kafin ki haɗiye. Tsamin kirki yana tsinka yawu a gefen harshe ya wuce, sannan ɗumin citta da masoro ya sauka a maƙogwaro. Bauri mai kama baki alama ce ta an daɗe ana tafasa shi a wuta. Ki bar sauran ya kwanta ki duba gindin kofin, domin a ƙasa ake shanya zoɓo a wurare da yawa, kuma wadda ba ta ɗauraye shi ta tace da kyau ba yashi zai tona mata asiri.

Sai bayan wannan ki karɓi wanda aka gama haɗawa. Sukari na gaskiya zaƙinsa yana gushewa da wuri, na sakarin kuwa yana barin ɗaci a ƙarshen harshe. Idan kin buɗe gorar ta yi huci, ko kin ga kumfa tana tasowa da kanta, zoɓon ya daɗe ya fara lalacewa, kada ki karɓa ko da an rage miki kuɗi. Saboda zafin garinmu da rashin wutar lantarki, ku yi alkawari ta dafa shi daren jajibere, ki aika a ɗauko da safe kafin a sauko daga Idi.