Kurakuran da yaranmu suka fi yi in za su fita karatun sikoloji da ilimin ƙwaƙwalwa

Tun da sakamakon bak ya fito ƙannena uku suka same ni a fadarmu ta Birni, ana cikin shayi na biyu, kowa da magana guda: yaya ina son in fita waje in karanta sikoloji, wani ya ce shi nirosiyans, wato ilimin ƙwaƙwalwa, ta ina zan fara? Na yi shekara biyar a Faransa kan wannan karatun, kuma wallahi yawancin ramukan da zan faɗa na faɗa cikinsu da ƙafata.

Babban kuskuren shi ne yaro ya tafi bai san ƙofar da takardar za ta buɗe mashi ba. A gida tsohuwa tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya tafi ya zama likitan ƙwaƙwalwa, shi ma haka ya ɗauka, sai ya kai shekara ta biyu ya gane ba haka ba ne. Abu uku ne daban. Likitan taɓin hankali da likitan jijiya, waɗannan sai ka yi karatun likita gaba ɗaya sannan ka ƙware, su ke rubuta magani. Mai sikoloji yana sauraron mutum, yana gwaji, yana jinya da magana, amma ba ya rubuta ƙwaya ko ɗaya. Mai nirosiyans kuwa mutumin labo ne, zai iya shekara uku da ɓeraye da madubin ƙara girma bai ga marar lafiya ba. Kuma a Faransa doka ce tun 1985, ba ka kiran kanka sikolog sai kana da lisans da masta duka a sikoloji, da sitaj na awa 500. Lisans kaɗai ba ta ba ka wannan sunan, kuma shiga masta zaɓe ake yi, ba kowa ke samu ba. To kafin ka cika dosiye ka zauna ka amsa wa kanka, mutane nake son gani ko bincike, sannan ka yi wa iyayenka bayani da Hausa tun yanzu, ya fi sauƙi da ka dawo ana kawo maka masu ciwon kai kana cewa ba aikina ba ne.

Sai lissafi. Da yawa masu bak A suna zaɓen sikoloji don sun gudu daga lissafi, ashe yana can yana jiransu a bakin ƙofa. Tun shekarar farko akwai istatistik, akwai bayoloji, yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan biliyan 86 ke aika wa juna saƙo da lantarki da sinadari. Jarabawata ta farko ta istatistik 6 na samu bisa 20, na ninke takardar na sa a aljihu, na yi kwana biyu ban kira gida ba. Maganinsa ba tsada, ka ari littafin ɗan terminal D a wannan hutun, ka sauke R ko JASP, manhajojin yin istatistik, a kwamfuta, kyauta ne, ka riƙa taɓawa ko rabin awa ne a rana.

Inglishi ma haka, muna ganin tunda muna da Faransanci shi kenan. Darasi da Faransanci ne, amma takardun binciken da malam zai ce ka karanta kusan duk da Inglishi suke. Ka buɗe PubMed, shafin intanet da ke tara takardun binciken lafiya, ka karanta taƙaitaccen bayani guda kullum, da ƙamus a hannu, wata shida za ka ga bambanci.

Maganar kuɗi da hanya kar ka dogara da "in na je Allah zai kawo". Faransa ta yi shekaru tana neman shaidar kana da yuro 615 a wata, ya haura jika 400 na sefa, kuma tun bayan 2023 hanyar ta yi wuya, ofishin jakadancinsu na Yamai ma an rufe shi farkon 2024. Ka duba Maroko, Aljeriya, Turkiyya da ke da bursi har da shekara guda ta koyon harshe, ka bi sanarwar ANAB, hukumar bursi ta Nijar, da kanka, kar ka ba wani ɗan tsakiya kuɗi wai zai samo maka gurbi. Kuma ka tambaya ko za a amince da takardar a nan in ka dawo, kafin ka biya ko dala.

Amma wanda ya fi ci mani rai shi ne yaro ya haddace littafi ya manta da mutanen da zai dawo wa. A 2008 wani mai bincike, Arnett, ya duba manyan mujallun sikoloji ya samu kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke. Ke nan gwajin da za a koya maka ba da ɗan Garin Malam aka auna shi ba. Tsohuwar da za ta zo gabanka ba za ta ce tana da depiresiyon ba, za ta ce jikina ya mutu, kaina na zafi, zuciyata ba daɗi, kuma ta riga ta je wajen malam an yi mata ruƙiyya. In ka yi mata kallon jahila ba za ta sake dawowa ba.

Ina tuna wata yarinya a unguwarmu, farfaɗiya ta kama ta bakin famfo, bokitin ya kife, kowa ya ja baya wai kar yawunta ya taɓa shi, wani ya taho da cokali zai cusa mata a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba a sa komai a baki, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, in jijjigar ta lafa a kwantar da ita ta gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Na karanta wannan a aji cikin sanyi a ƙasar mutane, idona ya cika, don yarinyar an cire ta daga lakol a shekarar.

Don haka duk hutun da ka samu zuwa gida ka nemi sitaj a asibiti ko wata ƙungiya nan Damagaram, ka sayi ƙaramin kaye kana rubuta kalmomin da mutane ke faɗar ciwonsu da su. In lokacin zaɓen batun memuwar, wato binciken kammala karatu, ya zo ka kai wa malaminka wannan kayen. Nawa malamin ya yi minti ashirin yana juya shafukan yana tambayata ma'anar "iska ta taɓa shi", daga nan muka fitar da batun.