Yadda ake wanke rigar sanyi ta ulu

Tunda hunturu ya sauka a Damagaram ƴan'uwa mata ke ta tambayata yadda nake wanke rigunan ulu na yara ba tare da sun tsuke ba. Ga yadda nake yi.

1. Ki kakkaɓe ƙurar rigar.
2. Ki juya ta baibai.
3. Ki zuba ruwan randa a baho. Kul, ban da ruwan zafi, ko da sanyi na cin hannu! Ruwan zafi ke ƙanƙance ulu, kuma ba ya komawa yadda yake.
4. Ki narkar da ɗan shamfu a ciki. Kada jabel, wato ruwan bilic na faranta tufafi, ya taɓa ta, cinye zaren yake yi.
5. Ki jiƙa ta minti 10.
6. Ki daddanna a hankali, ban da cuɗawa.
7. Ki ɗauraye har kumfa ya ƙare.
8. Ki naɗe ta cikin tawul, ki danne ruwan ya fita. Ba a murɗawa.
9. Ki shimfiɗa ta kan tabarma a inuwa. Nan aka fi yin kuskure. Wata jar riga da na sayo wa autana a Kasuwar Dole, igiyar shanya ce ta ja hannayenta har suka wuce yatsunsa, abin ya yi mini ciwo.
10. In zafi ya shigo, ki ninke ta a akwati da ƙwayar kafur saboda asu.